Kafin Motar Gwangwan Ta Iso

Kun gani, kuka wuce. Kada ku ce min ba ku gani ba, domin wayata tana nuna min yawan waɗanda suka buɗe rubutuna. Makon jiya na sa muku hoton wani ɗaki a makarantar 'yan matan da nake koyarwa, inda laftof sama da ashirin ke jibge kan juna kamar farantan da aka ƙi wankewa, na tambaya ko akwai mai shawarar yadda za a cece su. Kuka yi min shiru kamar ruwa ya cinye ku. A can ƙasan rubutun, a layi ɗaya tak, na ambaci cewa wani mai tabarau yana zuwa gidanmu. Nan kuka farka. "Anti, dogo ne?" "Anti, yana da mota?" Wata baiwar Allah har da aiko min da addu'ar zama da dangin miji.

To yau za ku ji labarinsa, tunda shi kuke so. Amma sai kun bi ta cikin ɗakin nan kafin ku isa gare shi, kamar yadda shi ma ya bi.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni malamar kwamfuta ce wadda ba ta da kwamfutar koyarwa. Da alli nake zana linzamin kwamfuta a allo, in ce wa yara ga inda ake dannawa. Alhali tsakanin ajina da ɗakin da laftof ɗin ke kwance, bango ɗaya ne. Wata ƙungiya ce ta ba da su shekarun baya, aka yi hoto, aka tafa, manhajar da ke tafiyar da su ta tsufa ta fara ja da ciki, sai aka sa kwaɗo a ƙofa kowa ya kama gabansa. A gida Lauya suke kirana saboda ba na barin magana ta faɗi ƙasa, kuma na yi wa kwaɗon nan lauyanci har malamai suka fara canza hanya in sun hango ni.

Ranar Alhamis Shugabar makaranta ta kira ni ofis. Ba muguwa ba ce, gajiyayya ce, kuma na gane bambancin a makare. Ta ce rufin aji ɗaya yana yoyo, ɗakin take so ta mayar da yaran ciki, kuma ta riga ta yi magana da mai gwangwan, mai sayen tsofaffin ƙarafa, zai zo da motarsa ranar Litinin da safe ya kwashe. Na miƙe tsaye ban sani ba. Na yi mata jawabi a kan amana, a kan 'yan matan da za su fita su rubuta jarrabawa a kan na'urar da ba su taɓa taɓawa ba, a kan waifai ɗin makaranta da malamai ke ƙarar da shi wajen kallon bidiyon barkwanci. Ta bar ni na gama, tana jujjuya biro.

"Malama, mutum uku sun yi min wannan jawabin kafin ke," ta ce. "Kwamfutar da ba ta shiga intanet, a wurina faranti ce. Ki nuna min ta shiga kafin motar ta iso, na bar miki su duka. In ba haka ba, kada ki sake tare ni da maganarsu."

Na ce na ji. Na ɗauki ɗaya na sa a jaka, ina tafiya ina jin kaina kamar na riga na ci shari'a.

Ga abin da na dogara da shi. Akwai babbar manhajar tafiyar da kwamfuta da ake kira Linux, wadda mutane daga ko'ina suka haɗa hannu suka rubuta, suka bar ta a buɗe, kowa na iya ɗauka ya duba cikinta ya gyara. Tana tayar da tsohuwar na'urar da aka yanke wa ƙauna. Sai dai iri-iri ce, kamar 'ya'yan gida ɗaya kowa da halinsa. Akwai masu sassauci, akwai kuma wata mai aƙida wadda ba ta yarda ko layi ɗaya na rufaffen abu ya shigo cikinta. Ni 'yar wannan ce. Muna da zaure a waya, mu masu son tsantsa, kuma ni ce mai babbar murya a ciki, can ma Lauya suke kirana. Sau nawa na yi wa masu amfani da mai sassaucin nan dariya, na ce ta 'yan koyo ce, ta masu son banza.

Asabar da hantsi na shimfiɗa zani a kan teburin cin abinci, na ɗora laftof ɗin, na goge tsohuwar manhajar kakaf na saka tawa mai aƙida. Ta tashi kamar ba ita ba. Sauti ya fito, madannai suna amsawa, allon ya yi tas. Na kai idona kusurwar sama ta dama, inda 'yar alamar waifai mai kama da mafici take fitowa. Babu. Na kashe na kunna. Babu. Na shiga ciki na tambayi na'urar abin da ke jikinta, ta nuna min sunan katin waifai ɗinta ƙarara, wato ɗan guntun allon nan da ke kamo intanet ta iska. Tana ganinsa, ta ƙi yi masa magana. Kamfanin da ya ƙera katin ya rufe 'yar manhajar da ke tashe shi, ita kuma tawa ta rantse ba ta cin rufaffen abu. Kuma dukkan laftof ɗin nan samfuri ɗaya ne, katinsu ɗaya.

Na sa tambaya a zauren namu. Ɗaya ya ce a canza katin dukkansu. Ɗaya ya ce a ja wa kowace igiya daga ofis. Ɗaya ya ce gara yara su zauna babu intanet da su saba da bauta. Na daɗe ina kallon wannan saƙon na ƙarshe, domin irin maganata ce sak, ni da bakina na sha faɗa.

Ina cikin wannan hali Gwaggo ta leƙo. Ƙanwar mahaifina ce, tela, tana tare da mu tun rasuwarsa, kekenta na ɗinki yana kusurwar falo ƙarƙashin taga. Ta miƙo min allura da zare in zura mata, kamar yadda take yi wa duk wanda ya gifta, sannan ta sanar da ni cewa kawun Mai Tabarau ya sake kiran Mama. Mutanen suna son su san matsayinsu. Mama daga kicin ta ɗora nata, a hankali kamar kullum, cewa babu wanda zai matsa min, amma ba a riƙe ɗan mutane a hannu ana wasa da shi, in ba na so in sallame shi ya nemi rabonsa.

"Ke da kike zagin masu kwaɗo," in ji Gwaggo, "ga shi kin jibge bawan Allah a sito, ba ki kunna shi ba, ba ki bayar da shi ba."

Mama ta yi dariya har da tari. Ni ban yi ba.

Bari in faɗa muku damuwata da shi, ku daina zargina da yanga. Mai gwajin ido ne, yana da ɗan shago inda yake auna gani ya yanka gilashi. Ba shi da abin ƙi a fuska, ba ya ƙarya, yana gaishe da Mama a tsugune. Amma kalmarsa ɗaya ce a duniya: ba komai. Na shanya shi a falo ina gyaran takardun jarrabawa, ba komai. Gwaggo ta ɓarar masa da shayi a farin wando, ba komai. Har a wayata da wannan kalmar na ajiye lambarsa. Ni kuma wannan kalmar ce ta sa wa ɗakin nan kwaɗo. Ina tsoron in auri mutumin da za a zalunci wani a gabansa ya gyara zaman tabarau ya ce ba komai.

Bayan azahar saƙonsa ya shigo: "Malama, ya aikin ceto?"

Na rubuta masa: "Ta ƙi kama waifai. Kada ka ce min komai."

Ya aiko: "To."

Da la'asar sai ga shi. Gwaggo ta tilasta ni na cire tsohuwar rigar barcin da na wuni da ita, na sa doguwar riga ruwan toka mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa mayafi baƙi, ko hoda ban shafa ba. Shi kuwa ya sha guga, riga mai ruwan sararin sama, takalmi na ƙyalli, yana ƙanshin sabulu. Ya zauna a kujerar da ya saba, wadda ke ƙarƙashin fankar nan tamu mai kuka. Bayan gaisuwa ya ciro wani abu daga aljihu, nannaɗe a ƙyallen goge tabarau, ya ajiye a gabana kamar zobe.

Ɗan ƙaramin abu ne baƙi, bai fi ƙumbar babban yatsa ba. Na san shi. Ana soka shi a gefen kwamfuta ya kamo waifai da kansa, ba ruwansa da katin ciki. Ya ce daga kwamfutar shagonsa ya zare, wani mai zuwa wurinsa ya tabbatar masa irin wannan yana aiki da kowace manhaja. In na soka shi ta gefen da Shugaba ba ta kallo, magana ta ƙare.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyata ta ce karɓi. Na soka, maficin nan ya fito nan take, da layukansa a cike. Na ji daɗin da ban ji ba tun Alhamis. Sai na tuna sauran da ke kwance a sito, na zare shi na mayar masa cikin ƙyallensa. Sannan Lauya ta tashi. Na ce masa wannan shi ne ciwon da ke kashe mu, a gyara gaba ɗaya don hoto a bar baya tana ruɓewa. Na ce haka ƙungiyar nan ta yi, haka masu duba makarantu ke yi. Na ce abu ɗaya ya kawo, yara kuma aji guda ne, in ce musu me ranar Talata? Na faɗi har abin da bai kamata ba, cewa na san dama a wurinsa yaudarar tsohuwa ba komai ba ce. Keken Gwaggo ya tsaya cak.

Na jira kalmarsa. Bai faɗe ta ba. Ya cire tabarau, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, kunnuwansa kamar za su kama da wuta.

"Kin yi gaskiya," ya ce. "Litinin na tuna, ban tuna Talata ba. Fuskarki na hango, ban hango ta yaran ba."

Ya yi sallama da Mama ya tafi ko shayin bai sha ba. Gwaggo ta ce min in zuba ruwa a ƙasa in sha, na kori na ƙarshe, daga yau sai in auri laftof. Ni kuwa na rasa abin da ke min daɗi, domin na shirya faɗa na samu ba abokin yi.

Kafin magariba ya aiko: "Gobe ba na buɗe shago, amma intanet ɗinsa yana da ƙarfi. In zai yi miki amfani, ku zo da Gwaggo. Ba zan sa miki baki ba, ban san aikin ba."

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na aika: "Za mu zo. Ka yi haƙuri da bakina."

Ya ce: "Da komai a maganar taki. Sai kun zo."

Lahadi da safe muka je. Gwaggo ta ci ado kamar ita ake nema, leshi mai ruwan ƙwai da ɗauri har yana taɓa rufin mota. Shagon ɗan tsukuku ne mai tsabta, tabarau jere a bango cikin gilashi, madubi mai zagaye a kan kanta, can ciki kuma wani ɗaki mai duhu-duhu da doguwar kujera da allon haruffa. Ya share min kantar, ya jawo min wuta, ya ba ni kalmar sirrin waifai, ya koma gefe kamar yadda ya yi alkawari.

Na ɓata hantsin nan kaf ina neman hanyar da zan lallashi manhajata ta karɓi katin ba tare da ta karya rantsuwarta ba. Na karanta zauruka, na kwafi umarni, na sake kunnawa har na daina jin ƙarar fankar na'urar. Babu. Gumi ya jiƙa min ɗankwali alhali shagon da sanyi.

Gwaggo ta gaji da zama, ta fara zagaya tana gwada tabarau a madubi. Ta ɗauko wani mai ruwan zinariya, mafi kyau a shagon, ta ce wannan take so. Ya ce ta bari ya duba idon tukuna. Ta ce idonta garau yake, ita da ke ɗinki tun kafin a haifi uwarsa. Ya ce ya yarda, amma ta taimaka masa ya gwada sabuwar kujerarsa. Da haka ya shigar da ita.

Daga inda nake ina hango su. Ya ɗora mata wani ƙaton tabarau na ƙarfe mai ramuka, ya buɗe akwati cike da ƙananan gilasai. Ya zura ɗaya, ya tambaye ta. Ya zare, ya zura wani. "Wannan ko na ɗazu, Gwaggo?" Ta ce na ɗazu. Ya sake. Ta ce wannan kamar tana cikin ruwa. Ya sake. Ta ce masa ya ba ta mafi ƙarfi kawai a huta, ai mai ƙarfi shi ne mai kyau. Ya ce mai ƙarfin yana nan, amma idonta ne zai zaɓa, ba shi ba, ba ita ba. Ba ya gaggawa, ba ya gardama da ido. Can ya miƙa mata allura da zare daga aljihun jakarta. Ta zura a karo ɗaya. Ta zare ta sake zurawa. Gwaggo ta tsaya tana kallon zaren nan yana lilo.

Na dawo da idona kan laftof ɗina na ji kunya ta rufe ni. Tun jiya nake tambayar wace manhaja ce ta fi tsarki, ban tambayi wace ce katin nan ke gani da ita ba. Kuma hanyar tambayar tana hannuna, ni nake koyar da ita a allo: ana iya tayar da kwamfuta daga kan filash a ɗanɗana manhaja ba tare da an saka ta ba, ba a goge komai ba. In ba ta yi ba a zare a sa wata.

Na ce ya ara min duk filash ɗin da ke shagon. Ya juye hotunan idanun mutane a kwamfutarsa ya miƙo min su. Na sauko da nau'o'i daban-daban ta kwamfutar tasa, na fara zurawa ina zarewa.

Ta farko kyakkyawa ce, amma ta yi wa tsohuwar na'urar nauyi, linzami yana tafiya kamar mai ciwon ƙafa. Ta biyu ta ga katin, ta ce tana da maganinsa, amma sai ta shiga intanet ta ɗauko, ita da ba ta da intanet. Na jona mata wayata da igiyar caja ta samu hanya, ta ɗauko, ta kama. Sai dai hakan na nufin in bi kowace laftof da waya da igiya, kuma ranar da ba na nan wata ta lalace, an koma gidan jiya. Na ajiye ta a matsayin ta ko-ta-kwana.

Ta uku ita ce wadda na fi yi wa dariya a zaure, mara nauyi, mai sassauci, wadda ke tafe da 'yan rufaffun manhajojin irin waɗannan katunan a cikin jakarta. Na zura ta ina harararta. Ta tashi. Kusurwar dama babu komai. Na ji wani mugun daɗi, na ce masa ka gani, ita ma ba ta iya ba. Muka shiga bincike, shi yana karanto min abin da ke wayata, yana kiran umarnin harafi-harafi kamar yana gwada min ido, ni ina bugawa. A wani tsohon zaure muka tarar da amsar wani mutum, wanda ya rubuta ta shekaru da yawa ga wani mai irin na'urarmu, ya ce kafin a zargi kowa a duba gefen hagu, akwai ɗan makunni da ake turawa. Na karkata laftof ɗin. Ga shi nan, ƙanƙani, a kashe. Mai Tabarau ya kalli hannun rigarsa, ya kalli makunnin, ya ce yana jin shi ne ya goge shi lokacin da ya miƙo min ruwa.

Na tura. Maficin ya buɗe. Sunan shagonsa ya fito, da na maƙwabtansa a jere.

Ban yi ihu ba. Na rufe murfin na buɗe, ya dawo. Na kashe na kunna, ya dawo. Na ɗauke ta na fita har bakin titi, yana nan. Sannan na zauna a kan kujerar masu jira na rufe fuskata da mayafi. Ba na son in yi muku ƙarya, kuka na yi. Ina tunanin mutumin nan da ban san sunansa ba, ban san ƙasarsa ba, wanda ya zauna wata rana ya amsa wa baƙo tambaya ba don a biya shi ba. Da waɗanda suka haɗa manhajar suka ce a sa wa masu tsofaffin na'urori abin da za su tashi da shi, ko da masu baki irina za su zage su. Allah ya saka musu, ya kai ladan inda suke.

Na rubuta a zauren namu abin da na zaɓa. Ɗaya ya ce Lauya ta sayar da shari'a. Na ce masa har gobe ina nan a kan cewa kamfanoni su buɗe abin da suka rufe, kuma zan ci gaba da faɗa, amma ba zan yi yajin cin abinci da cikin 'ya'yan wasu ba.

Litinin na riga mai gadi sharar ƙofa. Duk da haka ina fitowa daga ajin farko na tarar da motar a tsakar makaranta, buɗaɗɗiya, da tsofaffin injinan wanki a bayanta, mai gwangwan yana jingine yana sakace. Shugaba ta fito da makulli. Na ciro laftof ɗin daga jaka, ta ɗaga min hannu.

"Ba wannan ba. Wannan ta kwana gidanku, ban san abin da kika ba ta ba."

Ta shiga ɗakin da kanta, ta yaye yanar gizo-gizo da gefen takarda, ta zaro ɗaya daga can ƙasa, wadda murfinta ya tsage. Na tuna ɗan baƙin abin nan cikin ƙyallen tabarau. Da na karɓa, yau da wace fuska zan tsaya?

Muka kai ta ofis, malamai suka cika ƙofa. Batirinta ya mutu, na jona caja, na soka filash, na kunna. Ta yi ƙara kamar tsoho zai tashi daga tabarma. Allon ya kawo. Kusurwar dama babu komai, na ji wani malami ya yi tsaki mai kama da dariya. Na sa yatsa a gefen hagu na tura makunnin. Sunan makarantarmu ya fito.

Shugaba ta ja kujera ta zauna. Ta ce in buɗe mata shafin da ake gwajin jarrabawa. Na buɗe. Ta danna tambaya ɗaya da yatsa ɗaya, ta amsa, aka ba ta maki. Sannan ta zare makullin daga cikin zoben makullanta, da ƙyar, har ƙumbarta ta karye, ta ajiye min a kan tebur. Ta ce yaran ajin mai yoyo za su koma ɗakin kamar yadda ta tsara, sai dai yanzu da laftof a gabansu. Ta ce in je in ba mai motar haƙuri da bakina, tunda baki ne da ni. Ita ma na gode mata, a gaban kowa, domin ta ba ni ƙofar da ba dole ne ta ba ni ba.

Na aika wa Mai Tabarau saƙo daga baranda: "Sun tsira."

Ya amsa kafin in sauke wayar: "Alhamdu lillahi. Tun safe na sa wa wani gilashin dama a hagu. Asabar zan zo da sukudireba da tsumma, ki koya min. Kuma ina da tambaya, amma ba ta waya ba."

Da na koma gida na tarar da Gwaggo a kan keke da sabon tabarau, tana zura allura tana zarewa don kawai Mama ta gani. Ta karanta fuskata daga bakin ƙofa, ta ce yanzu fa tana gani, in daina yi mata ɓoye-ɓoye. Mama ba ta tambaye ni ba, ta dai ce kawunsa zai sake kira ranar Lahadi, me za ta ce masa? Na ce ta bari Asabar ta wuce. Amsar tana bakina, amma mai tambayar ne zai fara jin ta, ba ku ba.

Abin da ya hana ni sakewa shi ne maganar mai gwangwan. Da na je ba shi haƙuri na zaci zai yi fushi. Dariya ya yi, ya ce in kwantar da hankalina, motarsa ba ta taɓa komawa gida a wofi ba. Daga nan wata makarantar zai wuce, jibi kuma wani ofis, kuma irin waɗannan har da masu leda a jiki yake samu. Guduma yake sa musu ya cire abin da zai cire. Ban ga laifinsa ba, sana'arsa yake yi, kuma shi kaɗai ne a garin nan ke zuwa a kan lokaci.

Ina tsaye motar ta fita ta karya kwana. Ban san makarantar da ta nufa ba. Wataƙila wadda kika gama ce, wataƙila wadda 'yarka ke zuwa. Gobe da safe ki je, ka je, ku nemi mai riƙe da makulli ku ce a buɗe muku. Ku ɗauki ɗaya, ku sa manhajar a filash, ku gwada kafin ku goge komai, ku duba gefen hagu. In ta ƙi, ku zare ku sa wata. In kun rasa yadda ake yi, ku turo min sunan katin a nan, ni zan amsa. Ku riga motar nan isa.